Sunan Walker: mai tafiya ne ko mai tattaka yadi?

Nura Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare a gidan kallo gardama ta kaure tsakanina da wani abokina a kan sunan Kyle Walker, ɗan bayan nan da ya daɗe a Manchester City. Shi ya ce ma'anar sunan mai tafiya, wai kakansu na can farko matafiyi ne irin fataken da. Ni kuma na ce in haka ne ai kowa ma Walker ne, wane ne ba ya tafiya da ƙafarsa? Me zai sa a ware mutum ɗaya a gari a ce masa mai tafiya? Muka tashi ba wanda ya sallama. Malam Habibu, kai ne ka karanci tarihin Turawan nan, don Allah a warware mana.

Sadiya Funtua:
Wa alaikumus salam. Ni ma haka na ɗauka tun muna sakandare. Na zaci ko ɗan aike ne, mai kai wasiƙa daga gari zuwa gari.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Nura, tambayar da ka yi wa abokinka ita ce ta kama bakin zaren. Laƙabi ba ya kama mutum sai da abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa. Walker sunan sana'a ne, kuma sana'ar ta yadi ce.

Arziƙin Ingila a wancan zamani, shekara ɗari bakwai zuwa ɗari takwas da suka wuce, gashin tumaki ne. Har yau a majalisar dattawansu shugaban zama a kan wata babbar matashiya da aka cika da gashin tumaki yake zama, don tunawa da hakan. To idan masaƙi ya gama saƙa yadin ulu, ba ya ɗinkuwa a haka. Yana fitowa sakwa-sakwa, iska na ratsa shi, ga maiƙon tumaki da man da aka shafa wa zaren lokacin kaɗi. Sai a kai shi wurin wani mai sana'ar daban. Shi zai zuba yadin a cikin komi, ya zuba ruwa da abin da zai cire maiƙon, ya cire takalmi ya shiga ya yi ta tattakawa, awa da awanni. Tattakawar nan ce ke sa gashin ya cuɗe da juna, yadin ya tsuke, ya yi kauri, ya iya tare sanyi da yayyafi. Bayan an ɗauraye sai a miƙe shi a kan katakai da ƙugiyoyi ya bushe don kada ya karkace. Wannan mai tattakawar shi ake kira walker.

A tsohon Turanci kalmar ita ce wealcan, ma'anarta a murza abu, a jujjuya shi. Ma'anar tafiya da ƙafa daga baya ta shigo. Saboda haka abokinka bai yi nisa da gida ba, tushen kalmar ɗaya ne, sai dai kakan nan yana tafiyarsa ne a wuri ɗaya, cikin komi.

Nura Gwammaja:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Amma mene ne abin da ake zubawa ya cire maiƙon? Sabulu?

Malam Habibu:
Sabulu yana da tsada a lokacin. Abu biyu suka fi amfani da su. Na farko wata irin laka ce mai shanye maiƙo, ana haƙo ta a wurare kamar Surrey da kewayen garin Bath, kuma suna ji da ita har aka taɓa hana fitar da ita ƙasashen waje. Na biyu, a gafarce ni, fitsari ne da ya kwana biyu. Idan ya daɗe yana yin kaifi kamar ruwan toka, yana cinye maiƙo. Ba Ingilawa suka fara ba. Rumawa sun yi haka tun kafinsu, a kangon birnin Pompeii har yau ana ganin wuraren masu wannan aiki da kwamayensu, kuma sarkinsu Vespasian har haraji ya sa a kan fitsarin da ake tarawa.

Auwal Rijiyar Lemo:
Subhanallah. To wallahi ni da ni ne da na canza sunan. Mutum yana yawo da sunan da ke tuna wa duniya kakansa ya yi rayuwa tsaye cikin najasa? Ina abin alfahari a nan?

Alhaji Ilu Marini:
Auwal, ɗana, maganarka ta taɓa ni, shi ya sa na ce wa jikana ya rubuta mini wannan. Ni gidan rini na tashi. Mahaifina hannunsa bai taɓa komawa launinsa ba har ya koma ga Allah, shuɗi ne har gwiwar hannu, faratansa kamar an shafa shuni. Wanda bai saba ba, in ya wuce ta karofi da rana sai ya toshe hanci, don ramin da aka jiƙa baba da toka ya kwana bakwai yana da wari. A makaranta yara sun sha tsokanata da shi. Amma rawanin da sarki ke naɗawa, da zanen da ake sa wa amarya a lefe, daga hannun nan suka fito. Da kuɗin rini aka kai mu makaranta mu tara, da shi mahaifina ya sauke farali. Wanda ya tsaya yini guda yana tattaka yadi don ya ciyar da iyalinsa ba abin kunya ba ne a wurina. Hukuncin najasa daban, wannan malamai sun san shi, kuma su ba Musulmi ba ne. Amma raina mai sana'a, wannan ban yarda da shi ba. Ni har yau Marini ake ce mini, alhali rabona da bakin rami ya fi shekara talatin, kuma ban taɓa cewa a daina ba.

Auwal Rijiyar Lemo:
Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ban yi nufin raini ba, ƙyanƙyami ne ya yi magana. Na janye.

Alhaji Ilu Marini:
Ba komai, Allah ya yi maka albarka. Malam Habibu, tambayata ita ce, wannan aikin nasu shi ne bugu irin namu? Don mu ma bayan rini akwai mabuga.

Malam Habibu:
Ranka ya daɗe, sun yi kama amma manufarsu ta bambanta, kuma kai ka fi ni sanin namu. Masu bugu a Ƙofar Mata ko a Kura suna ɗora ƙyallen auduga a kan gungume su yi ta dukansa da mabugi don ya kwanta ya yi sheƙi, kamar yadda ake yi wa ɗan Kura. Wato ado ake nema. Su kuwa nasu ulu ne, kauri ake nema. Auduga ko shekara za ka yi kana tattaka ta ba za ta cuɗe ba. Gashin tumaki yana da wasu ƙananan ƙayoyi a jikinsa da ido ba ya gani, su ke kama juna in an jiƙa an murza.

Dr. Zainab (Leeds):
Assalamu alaikum. Na shigo a makare, aiki ne ya riƙe ni. Baba Ilu, ina gaisuwa. Ina zaune a Yorkshire shekara shida ke nan, kuma nan ne cibiyar sunan. Kyle ɗin ma a Sheffield aka haife shi a 1990, ba nisa da nan. A wurin aikina kaɗai na san Walker uku, ba wanda ya haɗa dangi da wani.

Abin da nake so in ƙara a kan bayanin Malam shi ne, sana'ar ɗaya ce amma sunanta uku a ƙasar, gwargwadon yanki. A arewa da tsakiyar ƙasa ana ce masa Walker. A kudu da gabas ana cewa Fuller, wannan daga Latin ta zo. A kudu maso yamma, wajen Devon da Somerset da Cornwall, ana cewa Tucker. Kamar yadda Bakano zai kira abu da suna ɗaya, Basakkwace ya kira shi da wani. Abin mamaki, har zuwa ƙidayar 1881 in aka duba inda masu waɗannan sunaye suke zaune, rabon nan yana nan, Walker sun taru a arewa, Tucker a kudu maso yamma. Wato iyalai sun yi shekara ɗari biyar ba su yi nisa da inda kakansu ya kafa kominsa ba. A garin Exeter har yanzu akwai zauren ƙungiyar masaƙa da masu tattaka da masu sausaye yadi, Tuckers Hall, an gina shi a 1471.

Bara na kai yara wani gidan tarihi a Helmshore, can Lancashire, tsohuwar masana'antar wannan aiki ce da aka gina a ƙarshen ƙarni na 18. Baba, da ka ga abin da ya maye gurbin ƙafar mutum. Wata ƙatuwar ƙafa ce mai juyawa irin ta keke, ruwan rafi ke tura ta, ita kuma tana ɗaga wasu gudumomin katako, kowanne ya fi turmi girma, su faɗa kan jiƙaƙƙen yadi ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina kallonsu ina tunanin masu daka biyu a turmi ɗaya, in wannan ta ɗaga wannan ta sauke. An ajiye yadi biyu a gefe, ɗaya kafin a buga, ɗaya bayan an buga. Na farko in ka ɗaga shi kana hango haske ta cikinsa. Na biyu kamar bargo, ba ka ganin zaren saƙar ma sam.

Malam Habibu:
Madalla, Likita. Kuma injin ruwan nan ya daɗe. Akwai takardar lissafin dukiya ta 1185 da ta ambaci irinsa a Yorkshire da Gloucestershire. Wato tun kafin sunan ya gama zama na gado, inji ya fara ƙwace aikin daga ƙafa, amma ana ci gaba da kiran mai kula da injin da tsohon sunan.

Musa Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Daga wajenmu masu Faransanci: akwai sunan iyali Foulon a Faransa da Beljiyam, kuma wannan aikin ne dai. Na yi karatu da littattafai masu ɗauke da irin sunayen nan ban taɓa tsayawa na yi tunani ba sai yau. Amma Malam, abin da ban gane ba, yaya laƙabin mutum ɗaya ya zama na jikoki? Mu in aka ce Audu Maƙeri, ɗansa in ya zama direba ai Sani Direba za a ce masa.

Malam Habibu:
Malam Musa, su ma haka suke da. Kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, mutum suna ɗaya gare shi, sai laƙabin da zai mutu tare da shi. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadar da suna, saboda gadon gona da sarauta yana buƙatar a san wane ɗan gidan wane ne. Talaka bai bi sahu ba sai a hankali, cikin ƙarni na 13 da na 14. Dalili ɗaya shi ne sunayen yanka sun yi kaɗan. A ƙauye ɗaya sai ka sami John da William da Robert da Richard sun cinye rabin maza, kamar yadda in ka kira Muhammadu a kasuwa mutum ashirin za su waiwayo. Dalili na biyu kuma alƙalami ne. Kotun mai gari tana rubuta wanda ya gaji fili, mai karɓar haraji yana rubuta wanda ya biya. A 1377 aka sa kuɗin kai, kwabo huɗu a kan duk wanda ya kai shekara 14, aka sake sawa a 1379, aka sake a 1381 har ya kai sule guda, wanda ya jawo talakawa suka yi bore ƙarƙashin Wat Tyler. Takardun harajin nan da yawa suna nan, kuma a cikinsu ana ganin lokacin da abin ke sauyawa: wani an rubuta sunansa da sana'ar da yake yi, wani kuma sunansa na wata sana'a ne amma aikinsa daban. In ka ga haka, ka san laƙabi ya riga ya zama gado. Zuwa wajen 1400 yawancin iyalai sun sami sunan dindindin, kudu ta riga arewa. Sai a 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa, daga nan suna ya kafu.

Mu ma abin yana faruwa a gabanmu. Makarantar boko ta nemi suna na biyu, yara suka ba da sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga kuma Ɗantata. Laƙabin mutum ɗaya ne, Alhaji Alhassan da ya rasu a 1955, daga sunan matar da ta rene shi. Yau jikoki da tattaɓa kunne suna ɗauke da shi a fasfo.

Ustaz Mukhtar:
Ina bin bayanin da sha'awa, amma ina da ja a kan wannan gaɓa ta ƙarshe. Bai kamata mu ɗauki tsarinsu kamar wani ci gaba da muke kan hanyar kaiwa gare shi ba. A Suratul Ahzab aya ta 5 an ce a kira su da sunan iyayensu maza. Tsarinmu na wane ɗan wane yana faɗa maka uban mutum kai tsaye. Nasu yana faɗa maka aikin wani mutum da ya mutu shekara ɗari bakwai da suka wuce, bai faɗa maka uban wanda ke gabanka ba. Sannan matar aure ta ajiye sunan gidansu ta ɗauki na miji, wanda yanzu na ga 'yan matanmu suna kwaikwaya. Wannan shi ne bai kwanta mini ba.

Dr. Zainab (Leeds):
Allah ya gafarta Malam, a kan batun mace ina tare da kai, ni ma sunan mahaifina nake amfani da shi a nan kuma na sha yi musu bayani. Misali ma, attajirar nan baƙar fata ta Amurka da ake kira Madam C. J. Walker, an haife ta a 1867 da sunan Sarah Breedlove. Walker ɗin na mijinta ne, kuma ko bayan sun rabu da shi ta ci gaba da kasuwanci. Amma laƙabin sana'a da ke bin zuriya ai ba Turawa kaɗai ke da shi ba. Ina aiki da Larabawa masu suna Haddad da Najjar da Khayyat, wato maƙeri da kafinta da tela, ba wanda ya taɓa riƙe guduma ko allura a cikinsu.

Ustaz Mukhtar:
Wannan gaskiya ne, Likita, kuma kin tuna mini. A Larabci mai wannan aikin na wanke yadi da bugunsa ana ce masa Ƙassar, kuma akwai babban malamin zuhudu na Naisabur, Hamdun al-Ƙassar, a ƙarni na uku bayan Hijira. Wasu malaman tafsiri ma sun ce Hawariyawan Annabi Isa, alaihis salam, an kira su haka ne don suna faranta tufafi. To laƙabi ba shi ne matsalata ba, matuƙar bai share sunan uba ba. Larabawan da suna haɗa duka biyun, wane ɗan wane, sannan laƙabin. Abin da nake tsoro shi ne fom ɗin gwamnati mai gurbi biyu kawai ya tilasta mana zaɓar ɗaya.

Musa Damagaram:
Wannan matsalar muna fama da ita a nan. Ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, takardunmu sunan ƙarshe daban-daban, don shi an rubuta masa sunan baba, ni an rubuta mini na kaka.

Sadiya Funtua:
Ni tambayata ta koma kan Kyle ɗin. Ai na san mahaifinsa ɗan asalin Jamaika ne. To ina shi ina mai tattaka yadi a Yorkshire?

Malam Habibu:
Sadiya, kin taɓo wurin da labarin ke da ɗaci. Suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya, ko a cikin Ingila ma. Kowane gari mai saƙa yana da nasa mai tattakawa, saboda haka sunan ya tsiro a wurare da yawa lokaci guda, shi ya sa yake cikin sunaye ashirin da suka fi yawa a ƙasar. Akwai ma wata unguwa a Newcastle mai suna Walker wadda sunanta ba shi da alaƙa da yadi, ma'anarsa fadamar da ke kusa da ganuwa, wato tsohuwar ganuwar Rumawa, kuma wanda ya fito daga can ana iya kiransa da sunan wurin. A Sikotland kuma wasu masu suna a harshensu na Gelik mai ma'anar ɗan mai tattaka yadi sun mayar da shi Walker da suka koma Turanci. A tsibiransu na yamma mata ne ke aikin, su zauna kewaye da tebur suna murza yadin da hannu suna rera waƙa, kamar waƙar daka.

Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655, ta cika ta da bayin da aka kwaso daga Afirka don noman rake. An raba su da sunayensu na gida. Da aka soke bauta a 1834, 'yanci ya cika a 1838, mutane da yawa suka fito da sunan mai gonar ko na mai kula da gonar, wasu kuma da sunan da aka ba su a coci. Ta wannan hanya sunayen Ingilawa suka bazu a tsakanin baƙar fata a Jamaika da Amurka. Shi ya sa Malcolm X ya jefar da Little, Muhammad Ali ya jefar da Cassius Clay a 1964.

Dr. Zainab (Leeds):
Akwai kuma wata hanyar a nan yankinmu. A Saliyo, wajen Sherbro, akwai babban gidan Tucker, zuriyar wani ɗan kasuwar Ingila da ya zauna a gaɓar a ƙarni na 17 ya auri 'yar sarautar wurin. Su nasu ta jini suka gaje shi, har suka yi sarauta da shi.

Auwal Rijiyar Lemo:
To ashe W ɗin da ke cikin sunan George W. Bush ma...

Malam Habibu:
Shi ne. Walker ne, daga gidan kakarsa ta wajen uba, Dorothy Walker. Mahaifinsa ma George Herbert Walker Bush ne.

Nura Gwammaja:
Na tura wa abokina duka. Ya ce ya yarda da rabi, wai tunda Malam ya ce tushen kalmar ɗaya ne to shi ma bai faɗi ba. Na bar masa hakan. Yanzu kuma yana tambaya a kan Lister da Webster, wai su ma na yadi ne?

Malam Habibu:
Duka biyun. Webster masaƙi ne, haka Webb da Weaver. Lister kuwa marini ne a bakin mutanen arewacin Ingila, a kudu kuma Dyer.

Alhaji Ilu Marini:
To ashe ina da takwarori a can. Likita, 'yata, in kin sake komawa gidan tarihin nan ki ɗauko mini hoton gudumomin da kyau, ta gefe, yadda zan ga inda suke haɗuwa da ƙafar da ruwa ke juyawa. Akwai wani tsohon mai bugu a unguwarmu, kafaɗarsa ta gaji, ina so in nuna masa.

Dr. Zainab (Leeds):
In sha Allahu, Baba. Ina da guda biyu a tsohuwar wayata, bari in duba su daren nan in tura wa jikan naka.